BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: WA'AZI A KAN NAƘUDA DA KWANAKIN JEGO

 

A ranar 2 ga watan Fabrairu na kowace shekara Ikilisiya takan yi idin miƙa Yesu a Haikali. In kuka ƙirga daga ranar Kirsimeti, za ku ga kwana 40 ne cif. Wato ranar da Uwargida Maryamu ta yi arba'in ke nan. Bisharar Luka ta nuna mana yadda ita da Yusufu suka ɗauki jinjirin zuwa Urushalima, suna riƙe da tsuntsaye biyu, hadayar da Shari'ar Musa ta yardar wa talaka wanda ba shi da halin sayen ɗan rago. Ashe Uwar Ubangijinmu ta san nauyin ciki, ta haihu nesa da ɗakin mahaifiyarta, ta yi jego cikin talauci. Ta kuwa kai arba'in da ƙafafunta, da ɗanta a hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mata da yawa a ƙasarmu ba su kai wannan rana. Wasu ko ranar suna ba su gani.

Abin da idona ya gani

Wata damina aka aiko mini daga wani ƙauye a yankin Roni, aka ce in zo in shafe wata 'yar Zumuntar Mata da man marasa lafiya. Kafin in isa rai ya yi halinsa. Yarinya ce wadda ni na ɗaura mata aure. Naƙuda ta kama ta da dare, ta yi shiru saboda kunyar uwar miji. Da gari ya waye aka kira ungozoma. Da azahar ta haihu, ɗa namiji, mai rai, gida ya cika da guɗa. Amma jini bai tsaya ba. Mijin yana kasuwa, babu wanda ya iya cewa a fita da ita ba da izininsa ba. Da ya dawo aka shiga neman mota, da aka sami mota aka shiga neman kuɗin mai. A kan hanya ta cika.

Wurin jana'iza kowa yana cewa, kwana ne ya ƙare. Ni ma na yi wa'azin haƙuri da tashin matattu, gama gaskiya ne. Amma da na koma gida barci ya ƙi zuwa. Na yi ta ƙirga sa'o'in da suka wuce tsakanin guɗa da kuka, na ga sun isa a kai ta Kazaure a dawo har sau uku. A daren nan na gane cewa akwai abin da muke kira haƙuri alhali jinkiri ne, akwai kuma abin da muke jingina wa Allah alhali sakacinmu ne.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan baƙin ciki ba. A Littafin Farawa sura 35, Rahila matar Yakubu ta sha wuyar naƙuda a kan hanyar Baitalami, ta haifi Biliyaminu, ta rasu. A zamaninta babu tiyata, babu ƙarin jini, babu mota. Yakubu ba shi da abin yi sai kafa dutse a kan kabarinta. Mu fa, da Allah ya ba zamaninmu waɗannan abubuwa duka, wace amsa za mu ba shi?

Girman masifar

Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa. Kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Arewacin ƙasar nan kuwa shi ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi.

Ba yau aka gano dalilin ba. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sun tarar yawancin matan da suka mutu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya riga ya ɓaci. Masu zuwa awo kuwa, ko da talakawa ne, kaɗan ne ƙwarai suka rasa ransu. A shekarar 1987 aka yi babban taro a Nairobi domin ceton rayukan iyaye mata, daga baya kuma, a 1994, masana suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun yana wuyan hukuma da ma'aikatan lafiya. Na biyun muna da hannu a ciki. Na farkon kuwa namu ne ɗungum, a cikin zaurukanmu da ɗakunanmu ake yinsa.

Maƙiya huɗu da ya kamata kowa ya san fuskarsu

Na farko, zubar jini bayan haihuwa. Shi ne ya fi kowanne kisa, ya kuma fi kowanne sauri, gama yana iya ɗauke mace mai ƙoshin lafiya cikin sa'a 2. Likitoci sun ce in jinin ya kai rabin lita, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda da ake sayarwa a tasha, to an shiga hatsari. Yawanci mahaifa ce ta kasa tsukewa bayan fitar jariri, ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale a ciki. A asibiti akan yi wa mace allurar oksitosin da zarar ta haihu domin mahaifa ta tsuke, akwai kuma wasu magungunan tsayar da jini, da ƙarin ruwa da ƙarin jini. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni domin a ga yawan jinin da ya zuba, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Ku lura, 'yan'uwa, ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Gani da wuri da aiki da wuri su ne suka yi ceton. Saboda haka in kun ga zane ya jiƙe sharkaf, ko mai jego ta ce jiri take ji, ko mabiyiya ta wuce rabin sa'a ba ta faɗo ba, kada a tsaya jiƙa saiwa, kada kuma a ja cibiya da ƙarfi. A sa jariri a nono, a mulmula mata mara, a kama hanya.

Na biyu, jijjiga. Mutane sukan ce iska ce ko sammu, su yi ta hayaƙi, wasu kuma su tara masu addu'a har tsakar dare. Amma hawan jini ne na masu ciki. Yakan aiko da manzanni kafin ya iso: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin ƙirji. Gwajin jini da na fitsari a wurin awo suna kama shi tun bai yi ƙarfi ba. Akwai allura mai araha da ake kira magnesiyam salfet wadda ke tsayar da shi. Ku sani kuma jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu, ko da an yi kwanaki. In ta kama mace, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a ɗura mata kome a baki, a tafi da ita.

Na uku, doguwar naƙuda. In naƙuda ta wuce sa'a 12 ba haihuwa, ko hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, to hanya ba ta biyuwa, kuma yawan nishi ba zai buɗe ta ba. Sau da yawa ƙugun uwar ne ya yi ƙanƙanta, musamman yarinyar da aka aurar tun ƙashinta bai gama girma ba. Kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara har ya mutu ya ɓule, shi ne asalin yoyon fitsari. Yankan gishiri kuwa ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya ƙara rauni da zubar jini. Maganin doguwar naƙuda tiyata ce. Na ji wasu suna cewa wadda aka yi wa tiyata raguwa ce, ko kuwa bangaskiyarta ce ta gaza. Ina faɗa muku da bakin Ikilisiya: wannan ƙarya ce. Tiyata ba zunubi ba ce, ba abin kunya ba ce. Uwar da ta ba da cikinta aka yanka domin ɗanta ya rayu ta nuna ƙauna irin ta gicciye.

Na huɗu, zazzaɓin jego. Yakan shiga ta hannu marar tsabta, ko reza da tsumma masu datti, ko in ruwa ya fashe aka daɗe ba a haihu ba. Alamominsa zafin jiki, ciwon mara, da fitar ruwa mai wari. Ba ya tsoron mai ilimi. Tsarkakkiya Jiyana Beretta Molla, likita ce 'yar Italiya, ta rasu a watan Afrilu na 1962, mako guda bayan haihuwa, saboda ƙwayoyin cuta da suka shiga cikinta. A yau akwai magunguna masu ƙarfi, amma sai an kai mace da wuri suke aiki.

Kwana arba'in

Kakanninmu sun yi hikima da suka keɓe wa mai jego kwana 40 na hutu, ana dafa mata kunu da nama, ana ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Wannan al'ada ce mai kyau, ku riƙe ta. Sun kuma ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, nufinsu a sa mata ido. To, mu sa idon da sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mace ta zauna a asibiti aƙalla sa'a 24 bayan haihuwa, a sake duba ta da jaririn a kwana na 3, da cikin mako na 2, da kuma bayan mako 6. Ku iyaye, kada ku matsa a sallame ta domin baƙi suna jira a gida. Masu barka za su iya jira, jini ba ya jira.

Game da wankan jego, ba na ce a daina wanka ba. Ruwan ɗumi yana wartsakar da jiki. Amma tafasasshen ruwa da ake fyaɗa wa mace da ganye har fata ta saɓule, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da ɗirka mata kunun kanwa safe da yamma, waɗannan suna wahalar da zuciya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego na ƙasar Hausa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini suna da babban hannu a ciki, amma kowa ya san kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki, yana ta da jini. Saboda haka in mai jego ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, kada a ce ruwan wanka ne bai yi zafi ba a ƙara wuta. Zuciyarta ce ke neman taimako.

Haka nan nonon farko, mai kauri da launin rawaya, wanda wasu ke matsewa su zubar. Shi ne rigakafin farko da Mahalicci ya tanadar wa jariri. A sa shi a nono cikin sa'ar farko, gama tsotsonsa ma yana taimakon mahaifar uwa ta tsuke. In kuma kun ga mai jego ta shiga yawan kuka, ba ta barci, ba ta son ɗaukar ɗanta, kada ku zage ta, kada ku ce aljanu ne. Ciwo ne na damuwa da ke bin haihuwa, yana da magani.

Bangaskiya da magani ba kishiyoyi ba ne

Wani zai ce, Fada, ai Allah ne mai rayarwa. Hakika shi ne. Amma ku tuna da amsar da Ubangijinmu ya ba Shaiɗan sa'ad da ya ce masa ya faɗo daga ƙololuwar Haikali domin mala'iku su tare shi. Ya ƙi, domin gwada Allah ba bangaskiya ba ce. Wanda ya bar matarsa tana zubar jini a ɗaki, ga asibiti a Kazaure, ga asibiti a Babura, ya ce yana jiran ikon Allah, wannan gwada Allah yake yi. Littafin Sirak sura 38 ya koya mana mu girmama likita, mu yi addu'a mu kuma ba shi wuri, domin Allah ne ya ba shi saninsa. A Littafin Fitowa, ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, sun ji tsoron Allah fiye da Fir'auna suka ceci jarirai, Allah kuwa ya sāka musu. A shekarar 1936 fadar Paparoma ta ba 'yan Sista izinin koyon aikin likita da karɓar haihuwa, a 1937 kuma Uwa Mary Martin ta kafa ƙungiyarta ta Sista masu aikin asibiti a nan Nijeriya. Ikilisiya ba ta taɓa ce muku ku zaɓi tsakanin rosari da allura ba. Ku riƙe rosarin a cikin motar da ke kai ta asibiti.

Ku dubi Maryamu kuma. Da ta ji Alisabatu tsohuwa tana da ciki wata 6, ba ta aika gaisuwa ba. Ta tashi da hanzari ta hau ƙasar duwatsu, ta zauna da ita wajen wata 3. Hanzarin nan nata shi nake roƙon Allah ya sa a zukatanmu.

Aikin kowa

Ku magidanta, maganata ta fi nauyi a kanku. A gaban bagade kuka yi alkawarin riƙon matanku cikin lafiya da rashinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana wata 3 ku tura ta awo, ana so ta je sau 8 kafin haihuwa. In an yi girbi ku ware buhu guda ko akuya guda, ku ce wannan na haihuwa ne. Ku san direban da za ku buga wa waya da tsakar dare, ku san hanyar da ke biyuwa da damina. Fiye da kome, ku ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarku da maƙwabta, cewa ko kuna Kano ko kuna Legas, in abu ya taso a fita da ita ba sai an neme ku ba. In an ce a ba da jini, ku miƙa hannu. Jiki yakan mayar da abin da aka ɗiba, ba ya rage ƙarfin namiji. Kristi ya ba da nasa duka dominku, ku kuwa leda guda ake roƙo. Ku ba matanku hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ta hanyoyin da Ikilisiya ta koyar, kada kuma ku aurar da 'ya'yanku mata tun jikinsu bai ƙosa ba.

Ku iyayenmu mata da surukai, mun san kun haifi goma a ɗaki kun tashi lafiya, mun gode wa Allah. Amma ku ƙirga sa'o'inku nawa ne ba su tashi ba. Kada ku auna jarumtar yarinya da shirunta. Ku 'yan mata masu cikin fari, kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin ji ciwo, ki faɗa.

Ku ungozomomi, Allah ya sāka muku da wahalar dare. Girmanku a yau shi ne ku zama masu rakiya zuwa asibiti, ku riga kowa cewa a tafi. Ku ma'aikatan jinya na cikinmu, ku karɓi matar ƙauye da fuskar rahama. Tsawa guda a ɗakin haihuwa takan hana mata goma na ƙauyen nan zuwa.

Ku Zumuntar Mata da katikis, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace majami'a ta rubuta sunayen masu ciki, ta buɗe asusun gaggawa wanda ba a taɓa shi domin anko ko biki. Asusun nan kada ya tambayi addinin kowa. Maƙwabciyarmu Musulma in ta shiga hatsari, motarmu motarta ce, jininmu jininta ne, kamar yadda su ma sukan tsaya mana.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu yoyon fitsari da aka ware a bayan gida, wasu ma mazansu sun kore su. Ku tuna matar nan da ta yi shekara 12 tana zubar jini, jama'a suna ƙyamarta, Yesu kuwa ya tsaya a tsakiyar taro ya kira ta 'yarsa. Ciwon nan yana gyaruwa. Tun shekarun 1980 likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa dubban mata aiki a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Murtala na Kano, tun 2008 kuma ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take wannan aiki a babban asibitin Jahun, a nan Jihar Jigawa. Ku nemo su, ku raka su, ku ba su wurin zama a coci. Mijin da ya kori matarsa saboda raunin da ta samu wajen haifa masa ɗa, ya zo ya same ni a wurin furta zunubi.

Yaron nan da aka haifa a ƙauyen Roni yana nan da rai, kakarsa ce ke riƙonsa. Duk sa'ad da na je yin Misa yakan zauna a gaba tare da sauran yara. Wata rana zai tambaya abin da ya sami mahaifiyarsa. Ina fata kafin ranar nan ta zo, za mu iya ce masa tun bayanta ba mu sake barin wata ta tafi haka ba.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka sa Ɗanka ya kwana wata tara a cikin mace, ka dubi dukan masu juna biyu na ƙasarmu, ka sauke su lafiya. Ka ba likitoci da ungozomomi sani da tausayi, ka ba magidanta zuciyar tanadi da ƙafar hanzari. Ka ji ƙan iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka rasu a kan gwiwa, ka raya marayun da suka bari. Tsarkakkiya Maryamu, Uwar Allah, ki yi roƙo dominsu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Ana roƙon katikis su karanta wannan a dukan majami'u bayan sujadar Lahadi, a kuma tattauna shi a taron Zumuntar Mata da na Maza.